Igiyar da ke Ƙugun Baba

Gida, ta Shanono,
Ranar Talata.

Zuwa ga Yayana Yahya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka, da fatan kana lafiya, kai da maigidanka da duk abokan aikinka na shagon walda a Bacirawa. Ya zafin birni? Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ciwon idon nan ya sake ka. Mu nan ƙalau muke, in ban da abin da ya sa na ɗauki biro.

Na san za ka yi dariya ka ce Sadiya ta koma mutanen da, ana zamanin waya tana wasiƙa. To yi dariyarka ka gama. Waya ɗaya ce a gidan nan, kuma kullum tana aljihun Baba, maganar kuwa a kan Baba take. Shi ya sa na ba Malam Uwaisu direba, mai kai gero Dawanau, ya miƙa maka hannu da hannu.

Yaya, Baba yana jiri. Ranar Juma'a ina shara a tsakar gida, ya taso daga alwala, sai na ga ya tsaya cak. Buta ta suɓuce masa, ya lalubi jikin rumbu ya dafe. Idonsa a buɗe yake, amma wallahi ba ya ganina. Da abin ya sake shi sai ya hau ni da faɗa, wai na zubar da ruwa wurin ya yi santsi, alhali ƙasar a bushe take ƙamas. Shekaranjiya ma ya sake yi a zaure. Na gaya wa Inna, ta ce ta daɗe da lura, ta yi masa maganar asibiti ya ce rana ce kawai ta buge shi. Ka san halinsa.

Da a gida zai zauna da jirinsa, da ban dame ka ba. Amma ya karɓi aikin tsohuwar rijiyar lambun Alhaji Kamaruddeen, wadda ta ƙafe bara. Za a yashe ta a ƙara mata zurfi. Da bakinsa na ji yana gaya wa Kawu Zubair cewa gaba goma sha biyu ce. Kuma shi zai riƙa shiga, don ya ce yaran yanzu ba su iya karanta ƙasa ba.

Ka ga ni a gidan mai haƙar rijiya aka haife ni, amma ban taɓa jin tsoron rijiya ba sai wannan zangon karatun. Malama Charity, mai koya mana fiziks, ita ta jawo mini. Rannan ta fitar da mu gindin tankin ruwan makaranta, ta tattare zaninta ta hau tsani, ta saki rabin bulo da 'yar tsakuwa a lokaci guda. Duk ajin mun rantse bulon zai riga sauka. Tare suka dira, tim. Ta ce jan da ƙasa ke yi wa abu ba ya duba nauyinsa. In dai ba abu ne da iska ke tarewa ba, kamar takarda ko gashin kaza, to babba da ƙarami tafiyarsu ɗaya. Kuma ba da gudu ɗaya abu ke faɗuwa ba. A hankali yake farawa, sannan kowace daƙiƙa gudunsa ya ƙaru da kusan mita goma a daƙiƙa, haka har ya tarar da abin da zai tsayar da shi.

Sai ta ce kowa ya zaɓi wani tsayi ya lissafa. Wasu suka ɗauki rimi, wasu hasumiyar masallaci. Ni kuwa da kaina bai da hankali, sai na ɗauki rijiyar Alhaji. Gaba goma sha biyu ta ɗan haura mita ashirin. Daƙiƙa biyu ne, Yaya. Kafin ka gama faɗin innalillahi mutum ya kai ƙasa, kuma da irin gudun motar haya a kan kwalta in direba ya taka. Malama ta ba ni maki cikakke da jan biro, har tana nuna wa 'yan aji littafina. Ni kuwa na zagaya bayan aji na yi ta amai.

Tun daga ranar ko ludayi ya faɗi daga hannun Inna sai gabana ya yanke. Tsoro nake ji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai. Don Allah ka nemi izini ka zo ka yi masa magana kafin su fara. Yana ɗan jin taka, ni kuwa har gobe kallon mai wasan ƙasa yake mini.

Ka gaida duk wanda ya tambaye ni. Allah ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Halimatu Sadiya.


Gida,
Ranar Asabar.

Yaya Yahya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, aiki kuma yana tafiya. Malam Uwaisu ya kawo mini amsarka da sabulun da ka aiko wa Inna, ta yi ta sa maka albarka. Na ji daɗi da ka ce idon ya yi sauƙi.

Amma amsar taka ba ta yi mini daɗi ba, gara in faɗa maka. Ka ce maigidanku ya karɓi kwangilar ƙofofi ba zai sake ka ba, na yarda. Sai kuma ka ce in kwantar da hankalina, ai Baba ba ya shiga rijiya sai da igiya a ƙugunsa. Haba Yaya! Birni ya mantar da kai yadda igiyar take ne? Ai ka sha gani. Ana ɗaura masa ita a ƙugu, a ɗaure ɗaya bakin a jikin gwafa, sauran duk a tara ta a ƙasa a naɗe, tana warwarewa da kanta. Shi kuma ya riƙa sauka yana taka ramukan da aka sassaƙa a jikin rijiyar, ƙafa nan ƙafa can. Ba mai riƙe ta. Amfaninta kawai in iskar ƙasa ta shaƙe mutum a jawo shi. Wanda ake riƙe wa igiya a miƙe ana sakar masa kaɗan-kaɗan ɗan koyo ne, kuma a wurinsu ba abin kunyar da ya kai a yi wa gwani haka.

Ni ma da farko na so in yarda da igiyar, don in samu in riƙa cin abinci. Na je na sami Malama Charity bayan an tashi, na gaya mata komai har da jirin. Sai ta zare zare daga bakin gyalenta, ta ɗaura wa wani dutse kamar ƙwallon goruba. Ta ɗaga shi a hankali, zaren ya riƙe shi lafiya lau. Ta ɗan saki kamar tsawon yatsa ta bar dutsen ya faɗa, zaren ya girgiza amma ya riƙe. Sannan ta tara zaren duka a hannu ta saki dutsen daga sama. Yana kaiwa ƙarshe zaren ya tsinke, tas. Dutse ɗaya ne, zare ɗaya ne, bambancin kawai nisan da aka bar shi ya yi yana tara gudu. Ta ce igiyar da ta fi zurfin rijiya tsawo ba ta tare kowa. Wadda ta gaza kaɗan kuma, in ba ta tsinke ba, to duk gudun nan a ƙugun mutum zai ƙare lokaci guda. Ta kama hannuna ta ce za ta sa Baba a addu'a, ni kuma in yi ƙoƙari a rage sakin igiyar.

Na yi ƙoƙarin. Na bari Baba ya ci tuwo ya sha fura, na durƙusa nesa kaɗan na fara. Ban kai rabi ba ya gane inda na dosa. Tabɗi! Ya ce tun kafin a haifi malamar tamu yake shiga rijiya, ba a taɓa riƙe shi kamar akuya a turke ba. Ya ce duk ƙasar nan in aka ce Muntaka mai rijiya an san wa ake nufi, ba zai tsufa ya zama abin nuni ba. Ya ce in na ƙara, zai je makarantar da kansa ya ji ko karatu ake koya mana ko raina iyaye. Inna ta yi mini ido na tashi. A ɗaki ta ce in bar wa Allah. Na ce ai na bar masa, amma igiyar a hannun mutum take.

Sai na tafi wurin Kawu Zubair, tunda shi ke tsayawa a bakin rijiya in Baba ya shiga. Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Na yi masa abin da Malama ta yi mini, da zaren ɗinkin Inna da dutse. Da farko dariya yake yi, wai 'yar boko ta zo koya masa tsafi. Da zaren ya tsinke sai ya ajiye fartanyar. Can ya ba ni labarin wani abokinsu tun suna samari, da ƙafarsa ta zame a wata rijiya wajen Tofa. Igiya ta tare shi kafin ya kai ƙasa, kowa yana hamdala, da aka jawo shi ashe bayansa ya karye, bai ƙara takawa ba har ya rasu. Ya ce su a lokacin cewa suka yi iskokin rijiya ne.

Ga abin da muka shirya, kuma don Allah kada ka faɗa wa Baba in kun yi waya. Akwai darbejiya kusa da rijiyar. Kawu zai naɗa igiyar sau biyu a jikinta, ya zauna a gindinta kamar mai shan inuwa, yana saki kaɗan-kaɗan daidai da saukar Baba, in zai fito kuma yana janye ragowar. Baba yana ciki, ba zai ga abin da ake yi a sama ba. Kawu ya yarda, amma ya ce in asiri ya tonu zai ce ni na tilasta shi. Na ce ya faɗa, ni dai a raye nake son ubana ko da ba zai ƙara kallona ba.

Jibi za su fara. Ka taya mu da addu'a.

Taka,
Sadiya.


Gida,
Ranar Alhamis.

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, sauri nake, Malam Uwaisu yana ɗora buhuna.

Sun fara, kuma har yanzu lafiya. Na karɓe kai musu abincin rana daga hannun Inna, ina tasowa daga makaranta nake wucewa lambun ko kayan makaranta ban cire ba. Yaya, na leƙa rijiyar nan sau ɗaya, ban ƙara ba. Baba ya koma ɗan mitsitsi a can ƙasa, sai ƙarar dagi kake ji tana tasowa kamar daga wani gari.

Kawu yana yin yadda muka ce, sai dai abin ya fi wuya a aikace. Jiya igiyar ta maƙale a ɓawon bishiyar, ta ɗan ja Baba yana cikin sauka. Sai muka ji muryarsa daga ciki yana tambayar wane mara kunya ne ya taka masa igiya. Kawu ya ce jaki ne ya bi ta kai. Wallahi babu jaki ko ɗaya a lambun. Ni dai na koma gefe na zauna a kan kunyar lambu.

Kuma Abdulkabir, wanda ke jan guga yana zubar da laka, ya gane. Yana ta murmushi yana tambayar Kawu ko yaushe Malam Muntaka ya koma makaranta. Na roƙe shi ya rufa mana asiri, ya ce ba ruwansa, amma ka san bakinsa a wurin mai shayi. Kawu ya fara cewa gara a bari haka, kada zumunci ya lalace. Na yi masa kuka sosai, ban ji kunya ba, har ya ce to a ƙara kwana biyu a gani.

Yanzu tsoro biyu nake ji. In Baba ya gane zai kwance igiyar gaba ɗaya don ya nuna mana, na san zai iya. In kuma bai gane ba, kullum sai ya hau ramukan nan a tsakiyar rana, bayan ya sha aiki cikin zafi, lokacin da jirin ya fi kama shi. Yau da safe na ga ya daɗe zaune a bakin gado kafin ya miƙe. Malama tana bayani a allo, ni ba abin da nake gani sai bakin rijiya.

Direba yana ta hon. Ka gaida maigidanka.

Sadiya.


Asibiti,
Ranar Lahadi.

Yayana Yahya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka lafiya. Na san Kawu ya sa an kira ka an ce Baba ya ɗan ji ciwo, ka ce a gaya maka gaskiya aka yi ta kwana-kwana. To ga gaskiyar. Yana raye, yana magana, yana motsa ƙafafunsa duka biyu. Fara yin hamdala, sannan ka karanta sauran.

Jiya Asabar ba makaranta, na kai abincin da wuri. An kira azahar, Baba ya yi gyaran murya daga ƙasa alamar zai fito. Kawu ya fara janye igiyar ta bayan bishiya. Ka san janyewa ta fi saki wuya, don sai ka sassauta naɗin ka ja ka sake ɗamewa, Baba kuwa in yana hawa ba ya jiran kowa. Na ga igiya tana taruwa a bakin rijiyar, Kawu ya kasa cim mata. Ban san lokacin da na ajiye kwanon ba. Na kama wutsiyar igiyar ina ja, Kawu yana zagaya ta. Abdulkabir ya buɗe baki yana kallon mace da igiyar rijiya a hannu, ko ta kansa ban bi ba.

Har hularsa ta fara bayyana. Na ga yatsunsa a kan itacen da aka gicciya a bakin rijiyar. Sai na ga yatsun sun buɗe a hankali, kamar mai sakin abin da ya gaji da riƙewa. Bai yi ihu ba, Yaya, ko salati ban ji ba. Hular kawai ta ɓace.

Ragowar igiyar da ba mu kai ga janyewa ba ba ta fi tsawon gaba guda ba. Ta zarce fuu, sannan ta miƙe da wata ƙara da har yanzu nake ji a haƙorana. Darbejiyar nan ta girgiza, ganye ya zubo mana a ka. Naɗin ya ja, ya ci tafin hannun Kawu, ni kuma ya fizge ni na faɗi a kan gwiwa, amma ya tsaya. Can ƙasa muka ji dagin da ya rataya a kafaɗa ya isa, ƙarar ta daɗe kafin ta zo. Na ce shi ke nan, Baba ne ya kai ƙasa. Na kasa tashi, da rarrafe na isa bakin rijiyar ina kiran Baba, Baba. Sai na gan shi nan kusa, yana lilo a jikin igiya, kansa a langaɓe.

Masu ban ruwa a lambunan kusa suka sheƙo aka jawo shi. Sai da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Likita ya ce haƙarƙari biyu sun tsage inda igiyar ta shaƙe shi, kuma jininsa ya hau sosai, shi ke kawo jirin. Faɗuwar tsawon gaba guda tak ta yi masa wannan. Ban yarda na lissafa sauran ba, kuma kada ka tambaye ni. Hannayen Kawu duka biyu an naɗe su da bandeji, fatar ta saɓule, ko cokali ba ya iya riƙewa. Ni gwiwa ce kawai ta gurje.

Kafin magariba labari ya gama gari. Masu zuwa dubiya suna yi masa barka, amma ina jin su a baranda suna cewa ashe Malam Muntaka a ɗaure yake shiga kamar ɗan koyo, kuma 'yarsa ce ke riƙe da shi. Wani har da dariya. Baba yana ji, ya juya fuska bango. Na kawo masa ruwa bai karɓa ba sai da Inna ta miƙa. Tun jiya bai dube ni ba, na zauna a bakin ƙofa ina cewa a raina na ji na gani.

Yau da hantsi, da mutane suka ragu, ya sa aka kira Kawu. Ina zaune a wurin, ya yi kamar ba ni. Kawu ya fara rantse-rantse yana nuna ni da bandejinsa, Baba ya ce ya yi masa shiru. Ya ce tun ranar farko, tun taku na uku, ya san an naɗa igiyar a wani abu, don ya san nauyin sakakkiyar igiya a ƙugunsa kamar yadda ya san nauyin rigarsa. Ya ce faɗan da ya yi rannan don Abdulkabir ya ji ne. Ya ce kullum in ya kama hawa sai ya ga ramukan sun zama bibbiyu, yana laluben na gaskiya da ƙafa, bai gaya wa kowa ba. Yana faɗa yana kallon silin. Inna ta rufe fuska da mayafi, ni kuwa na ciji hannuna don kada kukan ya fito.

Na ɗauka daga nan zai ce ya bar rijiya. Ina! Ya ce laka ta fara danshi, ruwa ya kusa, kuma bai taɓa barin rijiya ba ruwa ba, ba zai fara a kan wannan ba. Zai sha maganin da aka ba shi, haƙarƙari na warkewa zai koma. Likita ya yi faɗa, Inna ta yi magiya, ni na san ba wanda zai tare shi. Abu ɗaya ya canja. Ya ce a naɗa igiyar a bishiya a gaban kowa, mai dariya ya yi.

Sai dai hannun Kawu ba zai riƙe komai ba nan kusa. Abdulkabir ya ce shi ba zai iya ɗaure gwani ba, kada bakin mutane ya kama shi, sauran ma duk sun noƙe. Na ce ni zan riƙe. A nan ne ya dube ni, karo na farko, ya daɗe yana kallon gwiwata. Ya ce ba ni da nauyin da zan tsayar da shi, ya ga yadda ta fizge ni. Sannan ya ce in ɗauko takarda in rubuta maka, tunda ya lura na iya aika wasiƙa a ɓoye.

Don haka wannan ba roƙona ba ne, saƙonsa ne. Ya ce ka gaya wa maigidanka ubanka zai shiga rijiya, kuma ba shi da mai riƙe masa igiya. Na san Baba, ba zai jira haƙarƙarin ya gama warkewa ba, yana iya miƙewa zai nufi lambun, da kai ko ba kai. Ka biyo Malam Uwaisu in zai dawo, Yaya. Tsoro nake ji har yanzu.

Inna tana gaishe ka, Kawu ma haka. Allah ya kawo mana kai lafiya.

Ƙanwarka,
Halimatu Sadiya.